Katanga ta faɗi, an kama shef shantiye, patron yana gida: wa ya kamata ya amsa?

Sali Garwa: Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu ilimin doka da masu aikin gini na cikinmu. Akwai wani shantiye, wato wurin aikin gini, na aji biyu na makaranta can gefen garinmu, bangon gefe ya zubo kan lebura ya karya masa ƙugu, jandarma suka zo suka tafi da shef shantiye mai kula da aikin a wurin, shi kuwa patron, wato mai kamfanin, ko kiransa ba a yi ba wai ai ba shi ya yi aikin ba kamfani ne. To ni abin da ban gane ba kenan, kamfani ai takarda ce, takarda ce ta ce a rage siminti? Dan Allah kar a ambaci sunan kowa, magana kawai muke son fahimta.

Baba Isa Magini: Wa alaikumus salam. Sali ɗana wannan ai tsohon zance ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Tun ina yaron magini haka na tarar.

Alhaji Ɗanjuma Marwa: To an fara. Duk lokacin da bulo ɗaya ya faɗi ɗan kwangila ne ɓarawo. Ku bari masu doka su yi magana tukun.

Metir Umaru: Sali wanda ya gaya maka haka ya gaya maka rabin magana. Gaskiya ne kamfani irin SARL ko SA, wato na masu hannun jari, doka tana ɗaukarsa kamar mutum ne daban da mai shi, yana da sunansa da dukiyarsa da bashinsa. Amma wannan kariya ta bashi ce, ba ta laifi ba. A kundin hukunta laifuka na Kamaru na 12 ga Yuli 2016, sashe na 74-1 ya ce ana iya tuhumar kamfani da laifin da shugabanninsa ko wakilansa suka yi dominsa, kuma a sashen dai aka ce ana iya haɗawa da mutumin da ya aikata. Wato ba zaɓi ba ne tsakanin kamfani ko patron, duka biyun ana iya gurfanar da su a ƙara ɗaya. Sashe na 289 kuma shi ne na kisa ko rauni ba da gangan ba, ta hanyar sakaci ko ganganci ko ƙin bin ƙa'ida, ɗauri daga wata 3 zuwa shekara 5, ko tara daga sefa dubu 10 zuwa dubu 500, ko duka biyun. Ba inda aka rubuta banda mai kamfani.

Metir Umaru: Sannan ka fara bincika ma ko kamfanin ne da gaske. Yawancin masu cin ƙananan marshe, kwangilar gwamnati kenan, a nan arewa ETS ne suke da shi, wato etabilisma, shi kuma ETS ba mutum daban ba ne ko kaɗan, sunan kasuwanci ne kawai. Mai ETS da ETS ɗinsa abu ɗaya ne, gidansa da motarsa da shanunsa duk suna cikin abin da za a iya kamawa.

Hajiya Mairo: Ikon Allah. To Metir in haka dokar take me yasa kullum ƙaramin ake kamawa?

Metir Umaru: Hajiya saboda shi aka tarar a wurin. Jandarma in sun zo wanda ke tsaye da hular kwano suke gani. Kafin a hau zuwa sama sai an nuna abin da patron ya yi da kansa ko ya ƙi yi, laifi a doka na wanda ya aikata ne, ba a ɗaure mutum don kawai sunansa ne a kan takardar kamfani da tambari. Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawanci ake gajiya.

Injiniya Fadimatu Ngaundare: Metir ka bar ni in shigo nan don wannan hujjar da kake cewa tana da wuya wlh a wurinmu ba ta da wuya in ana son a gani. Kankaren poto da dal, wato ginshiƙi da shimfiɗar kankare ta sama, ƙa'idarsa kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya, wato buhu 7. In an fasa abin da ya faɗi aka kai dakin gwaji irin LABOGENIE za a san ƙarfinsa, in an duba ƙarfe za a ga ko na milimita 12 aka sa kamar yadda plan ya ce ko na 8 aka lallaɓa. To sai a tambaya, wa ya sayi kayan? Shef shantiye ba ya zuwa kanti da kuɗinsa, abin da mota ta sauke masa da shi yake aiki. In lissafi ya ce aikin na cin buhu 400 rasit ya nuna 250 aka saya, wanda ya sa hannu a kan cek ɗin ya san abin da ya yi. Ga kuma littafin shantiye da ake rubuta abin da ya faru kullum, ga saƙonnin WhatsApp, yanzu ai patron da voyis yake ba da umarni, "ku cire katako gobe ana jiransa a ɗaya shantiyen", alhali dal ɗin ko sati biyu bai yi ba, kankare kuwa sai kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Baba Isa Magini: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan na cire katako shi ya fi kashe mutane. Da rashin ban ruwa. A zafin Maris na Garwa ka zuba kankare ka ƙi ba shi ruwa safe da yamma ai ƙonewa yake, ka sa farce ka kankare shi. Ka ce a kawo tanka a ce maka ruwa kuɗi ne.

Alhaji Ɗanjuma Marwa: To yanzu ku saurare ni ni ma, tunda ni ne ɗan kwangilar gidan. Injiniya duk abin da kika faɗa akwai masu yi ban musa ba. Amma kin manta buhu 400 ɗin ma in na saya na sauke, dare ɗaya 30 sun bi ta bayan katanga an sayar a unguwa, wa ya sayar? Ni ina Marwa shantiye yana bayan Mora, wani yana Yagwa, zan raba kaina uku ne? Na ɗauki mutum mai takarda ina biyansa albashi don ya tsaya a wurin, in ya ci amana ni za a kai kurkuku? Sannan ku da kuke gefe ba ku san yadda ake cin marshe ba. Kafin ka samu ka kashe, bayan ka samu ka kashe, kowane tebur takardarka ta sauka sai ka ajiye wani abu, avans na fara aiki kashi 20 cikin ɗari ne shi ma sai banki ya tsaya maka kuma banki ba don Allah yake tsayawa ba, ka gama aiki a riƙe maka kuɗin garanti, ka yi ta safa da marwa zuwa baitulmali wata da watanni ba a biya ka ba, farashin siminti ya tashi alhali ga masana'antar Figil nan kusa da mu. In ɓera da sata daddawa ma da wari.

Sali Garwa: Alhaji ran ka ya daɗe, amma leburan da ƙugunsa ya karye ba shi ya riƙe maka kuɗi a baitulmali ba.

Alhaji Ɗanjuma Marwa: Ban ce shi ba ne. Cewa nake in za a hau sama to a hau har ƙarshe, kar a tsaya a kaina. Injiniyan kontrol da ya sa hannu cewa ƙarfe daidai ne fa? Kwamitin karɓar aiki da suka zo suka sha lemo suka sa hannu fa?

Metir Umaru: A nan Alhaji yana da gaskiya, kuma doka ba ta bar su ba. Jami'in da ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba don a fitar da kuɗin gwamnati, da ɗan kwangilar da ya karɓa, duk suna iya shiga sashe na 184 na karkatar da dukiyar jama'a, wanda in kuɗin ya wuce sefa dubu 500 hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. In ya kai miliyan 50 kuma kotun musamman ta Yawunde ce ke ji, wadda aka kafa da dokar Disamba 2011. Abin da sashe na 74-1 ya cire shi ne gwamnati kanta da rassanta, ba a tuhumarsu da laifi a matsayin hukuma, amma ma'aikacin da ya sa hannu mutum ne.

Maganar raba kai uku kuma, kotunan Faransa sun daɗe da wani tsari a kai, shugaban kamfani yana iya sauke nauyin tsaron shantiye a kan wani in ya miƙa masa iko da gaske, amma da sharaɗi uku, mutumin ya san aikin, yana da ikon ba da umarni har ya tsayar da aiki, kuma an ba shi kayan aiki da kuɗin da zai yi. To Alhaji tsakaninka da Allah, shef shantiyenka yana iya tsayar da aiki ya ce ba zan zuba ba sai an ƙaro siminti, kuma gobe ya tarar da aikinsa?

Alhaji Ɗanjuma Marwa: Nawa yana iyawa. Na wasu ban ɗaukar musu rantsuwa.

Injiniya Fadimatu Ngaundare: Hhh Alhaji Allah ya ƙara irinku. Ni na taɓa ƙin sa hannu a wani aiki saboda fandasho, wato harsashin ginin, ƙasar wurin karal ce irin baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, na ce sai an yi gwajin ƙasa an ƙara zurfi, patron ya ce ke yarinya kin cika boko, sati bai zagayo ba aka kawo wani ya sa hannu ni aka ce in huta. Shi ya sa maganar miƙa iko a takarda ba ta burge ni, ikon yana wurin mai biyan albashi.

Abakar Injamena: Salam 'yan uwa, mu nan Cadi ƙasar tamu ma irin ta Kuseri ce, gida sabo fil shekara biyu ka ga bango ya tsage ka sa hannu. Tambayata ga Metir, duk wannan sashe sashe naku ne na Kamaru, mu fa? Kuma abin da ya fi damunmu nan ba ma faɗuwar gini ba ne, mutum ya karɓi avans ya haƙa rami ya ɓace, ka je neman kamfani a ce ya mutu, bayan wata shida ka gan shi da sabon suna da sabon tambari yana cin wani marshe.

Metir Umaru: Abakar kundin laifuka kowace ƙasa da nata, amma dokar kamfanoni ɗaya muke da ku, ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci, ƙasashe 17 har da Kamaru da Cadi da Nijar, Najeriya ce ba ta ciki. A dokar kamfanoni da aka sabunta a 2014, sashe na 161 ya ce kowane shugaban kamfani shi da kansa yana ɗaukar alhakin kuskuren da ya yi wa wasu a cikin aikinsa, na 330 ya maimaita kan jeran, wato manajan SARL, na 891 kuma ya mai da shi laifi shugaba ya yi amfani da dukiyar kamfani don kansa da mugun nufi, irin avans ya shigo ranar Litinin ranar Juma'a an sayi Prado an biya kujerar Umra. Sai dokar kamfanonin da suka karye, wadda aka sabunta a 2015, sashe na 183, in dukiyar kamfani ba ta isa biyan bashi ba kuma kuskuren shugabanci ne ya jawo, kotu tana iya cewa shugaban ya cika daga aljihunsa, tana iya kuma hana shi sake shugabantar kamfani. Don haka "kamfani ya mutu" ba ƙarshen magana ba ne, sai dai in ba wanda ya kai ƙara.

Abakar Injamena: Shukran Metir. Matsalar kenan, wa zai kai? Mai gida ya gwammace a je wurin dattawa a sasanta a ba shi rabi.

Hajiya Mairo: Ni fa tun abin Duwala na Yuli 2023 nake tsoron bene, wanda mai hawa huɗu ya faɗo kan wani gida cikin dare mutane na barci, sama da mutum 30 suka rasu, kwana kaɗan kuma wani ya faɗi a Ngaundare. Kowa ya yi ta ihu ministoci suka zo, aka ce za a rushe gidajen da ba su da takarda, sai magana ta lafa.

Injiniya Fadimatu Ngaundare: Hajiya irin waɗannan sau da yawa ma ba kamfani a ciki, mai fili ne da magininsa, a yi fandashon gida ƙasa, kuɗi su shigo a ɗora hawa ɗaya, haya ta yi daɗi a ƙara biyu. Dokar tsara birane ta 2004 ta ce sai da izinin gini daga meri, ofishin magajin gari, amma je ki ƙirga a unguwarku.

Yusufa Liyon: A Turkiyya bayan girgizar ƙasa ta Fabrairu 2023 'yan kwangila aka bi aka kama da yawa, wani ma a filin jirgin Istanbul aka tare shi zai fita ƙasar. A Legas kuma benen Ikoyi mai hawa 21 da ya faɗi a Nuwamba 2021 mai ginin kansa yana ciki ya rasu tare da ma'aikata. A Ingila dokar tsaron ma'aikata tun ta 1974 ta ce in kamfani ya yi laifi da yardar darakta ko ya kau da kai ko sakacinsa, shi ma ana hukunta shi. Nan inda nake aiki ko tsani ba ka hawa ba hula da igiya, ba don suna son mu ba, patron ne ke tsoron kotu.

Alhaji Ɗanjuma Marwa: Yusufa can ana biyan patron a kan lokaci.

Yusufa Liyon: Baba Alhaji hular kwano nawa take?

Sali Garwa: 😂 a yi haƙuri a bar Alhaji ya sha ruwa.

Malam Nuhu: Bismillah. Ni ba zan shiga sashe ba, amma ku sani tun kafin a san wani abu kamfani malamanmu na Malikiyya sun yi maganar lamunin masu sana'a, wanda ya karɓi aikin mutane yana ɗaukar abin da ya lalata. Sun kuma yi maganar bangon da ya karkata, in an gargaɗi mai shi a gaban shaidu ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba har ya faɗa wa wani, to ya lamunta. Ku duba, gargaɗi da sani su ne ma'auni, kusan abin da Metir yake faɗa. Kuma kisan kuskure a Suratun Nisa'i abu biyu ne, diyya ga iyalan mamaci da kaffara, wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba azumin wata biyu a jere. Diyya a iya cewa a fitar daga asusu, amma SARL ba ta azumi.

Baba Isa Magini: Allah gafarta Malam ka gama magana. Amma in tambaye ka, ni da na gani da idona siminti bai isa ba na ci gaba da kwaɓawa saboda yara na jiran cefane, ni ma ina ciki?

Malam Nuhu: Baba Isa kana ciki gwargwadon saninka da ikonka, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya fi ka iko ya fi ka kaso.

Metir Umaru: A kotu ma haka ne Baba, "an sa ni ne" ba ya wanke mutum a aikin kamfani, sai dai alƙali ya duba ya sassauta. Shi ya sa nake gaya wa shef shantiye da injiniyoyi, in kun ƙi abu ku ƙi shi a rubuce, ko saƙon waya ne, ku ajiye. Ranar da abu ya faru wannan saƙon shi ne zai ɗauke ƙarar daga kanku ya kai ta ofis.

Kuma ga dalilin da ya sa ni ban yarda a tsaya kan kamfani kaɗai ba. Tarar kamfani iyakarta ninki biyar na ta mutum, to a sashe na 289 ninki biyar na dubu 500 miliyan 2 da rabi kenan, a marshen miliyan 80 wannan kuɗin man mota ne. A rufe kamfanin ma, tun dokar ƙarshen 2016 da jarin sefa dubu 100 ana buɗe sabuwar SARL. Ma'aikatar marshe tana fitar da sunayen kamfanonin da aka dakatar saboda sun gudu sun bar aiki, amma in sunan kamfani kawai aka hana mutumin ya koma da sunan matarsa ko ƙaninsa.

Sali Garwa: To shi leburan me za a yi masa yanzu? Iyalinsa ba su da ko na lopital.

Metir Umaru: A fara da takardar likita mai nuna raunin da kwanakin da ba zai iya aiki ba, a ɗauki hoton wurin kafin a share. Haɗarin aiki ne, patron ne ya kamata ya kai rahoto CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, in bai taɓa yi masa rajista ba wannan wani laifin ne daban a kansa, a je wurin sufeton ƙwadago. A takardar ƙara wurin mai gabatar da ƙara kuma a rubuta kamfanin da sunan shugabansa duka, a nemi diyya a cikin shari'ar. Makarantar ma tana da hakki, dokar farar hula sashe na 1792 ta ɗora wa ɗan kwangila da mai zanen gini alhakin shekara 10 in gini ya lalace saboda aibin aiki ko na ƙasa, balle wanda ko karɓarsa ba a yi ba. In za a sasanta wurin lamido ko dattawa ba laifi, amma a rubuta a sa hannu, kar a karɓi buhun shinkafa da "Allah ya kiyaye gaba".

Bashiru Gidar: Salam. Tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba, yanzu gabana faɗuwa yake. Metir kawuna ma'aikacin gwamnati ne ba ya iya cin marshe da sunansa, sai ya buɗe SARL ya sa ni jeran, ni dai sa hannu nake a cek da takardu in ya aiko, ko shantiyen ban taɓa gani ba, yana ba ni ɗan wani abu duk wata. In wani abu ya faru ni za a kama?

Hajiya Mairo: Innalillahi. Yaro wa ya kai ka?

Alhaji Ɗanjuma Marwa: Wannan kam ko ni ba zan kare ba. Bashiru ɗana rabin kamfanonin da muke takara da su irin naka ne.

Metir Umaru: Bashiru kai za a fara nema, don sunanka ne a rajistar kasuwanci da banki da haraji da kan kwangilar. Dokar OHADA ta san da shugaban ɓoye, wanda ke juya kamfani a bayan fage ana iya kamo shi kamar na fili, amma kai ne za ka sha wahalar nuna cewa shi ne, shi kuwa ba sa hannunsa ko ɗaya. Kuma "ban taɓa zuwa shantiye ba" a bakin jeran ba kariya ba ce, ita ce ma sakacin. Daga yau kar ka ƙara sa hannu a cek wanda ba a cike ba, ka ajiye duk saƙon da yake turo maka da umarni, ka nemi kwafin takardun banki tunda kai ne mai ikon karɓa.

Bashiru Gidar: To in na ce na fasa fa? Kawuna ne, shi ya biya min makaranta, mamana ba za ta ji daɗi ba.

Metir Umaru: Ka samu babba a dangi ya raka ka ku yi maganar cikin mutunci, Malam Nuhu ma zai iya ba ka shawarar yadda za ka shigar da ita. Amma murabus na baki ba ya aiki, sai ka rubuta, masu hannun jari su naɗa wani, a kai canjin rajistar kasuwanci a kotu a kuma sanar da banki, in ba haka ba a idon mutanen waje har gobe kai ne jeran. Abin da ka riga ka sa wa hannu kuma yana nan a kanka ko ka sauka. Akwai aikin da ke gudana yanzu da sunan kamfanin?

Bashiru Gidar: Akwai biyu, ɗaya ɗakin shan magani ne an kusa zuba dal.

Injiniya Fadimatu Ngaundare: To ƙanena ka hau mashin gobe ka je ka gani kafin a zuba. Ɗauko hoton ƙarfen da plan ɗin ka turo min ta gefe in duba maka.